Makarar Ustad Karam Din

Jar fitilar ta sake kamawa, injin ya yi ɗif, tsinken walda ya manne a jikin bututun. Fayyaz ya ture gilashin fuska sama, ya fizge tsinken, bai gama jan tsaki ba muryar nan ta tsallako lungu daga tagar gidan da ke kallon shagonsa.

"Minti biyu! Da carbi na ƙirga. Ya sake suma ko?"

"Hutawa yake yi, Ustad-ji."

"Hutawa! Ni da likita ya sallamo gida ma na fi shi dogon numfashi."

Tari ya biyo bayan maganar, mai tsawo, irin wanda ke sa mai ji ya dafe nasa ƙirjin. Fayyaz ya jira ya lafa. Yau Laraba, kwana uku ke nan ana abu ɗaya, kuma wallahi ya kai masa iya wuya. Mutum ɗan shekara arba'in da uku, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya yana walda a Maskat, a ce tsohon da ko zama ba ya iyawa sai an tallafe shi ne zai riƙa ƙirga masa minti ta taga, duk unguwa tana ji!

To amma ya zai yi? Ustad Karam Din ne fa. Shekara hamsin ya yi yana walda a wannan yanki na Multan, babu ƙofar ƙarfen da ba hannunsa a lungun, har hayaƙin ya gama cinye masa huhu. Kuma aikin nasa ne. Makarar masallacin unguwa tsatsa ta gama da ita, a jana'izar ƙarshe hannu ɗaya ya ɓalle a tsakiyar titi, saura ƙiris a kifar da bawan Allah a gaban masu sayar da mangwaro. Ustad ya ji labari daga kwance, ya sa aka sayo bututu mai kauri, ya ce maƙwabcinsa Fayyaz ya ƙera sabuwa mai dogayen hannuwa huɗu, sadaka ga masallaci. Sharaɗi ɗaya ya kafa: sai ya gan ta da idonsa, an gwada kowane haɗi da guduma a gabansa, kafin ya cika. Ba wanda ya furta, amma kowa ya san wa za a fara ɗorawa a kai.

"Ɗauko min maras lafiyar naka in duba shi," in ji tsohon.

Fayyaz ya saɓa injin a kafaɗa ya tsallaka. Ɗan ƙarami ne, ruwan ɗorawa, an zana 400 a gefensa da manyan baƙaƙe. Saboda lambar nan ya saye shi, sai kuma rashin nauyi. Injin Ustad kuwa, mai wayar jan ƙarfe wanda sai ƙarti huɗu ke ɗagawa, tun da hannunsa ya fara rawa ya ba surukinsa a Bahawalpur.

Tsohon yana kan gadon igiya da ya sa aka jawo masa jikin taga, tulun iskar asibiti a gefensa, matarsa Masi Sughran tana yi masa fifita.

"Me aka rubuta a goshinsa?"

"Ampiya ɗari huɗu."

"Fenti ne, puttar, ɗana. Ni ma ka rubuta ɗan shekara ashirin a goshina, zai rubutu. Kifa shi. Karanta ƙananan baƙaƙen da ke gindinsa."

Fayyaz ya kifa, ya ƙanƙance ido. "Ɗari da sittin. Kashi ashirin cikin ɗari."

"Yauwa! Ɗari huɗun ta tsuke tun ba a je ko'ina ba. Ashirin ɗin fa, a Maskat ba su gaya maka ma'anarta ba?"

Babu wanda ya taɓa gaya wa Fayyaz. A Maskat injin kamfani ne, girman ɗan ɗaki, yana wuni yana ruri, waye zai kifa shi ya karanta gindinsa?

"Cikin kowane minti goma, biyu zai yi maka aiki, takwas ya kwanta. Shi ma a garin da zafi bai wuce arba'in ba, mu kuwa yau arba'in da bakwai aka ce. Dubi layin ƙasa. In ka rage masa wuta zuwa casa'in zai ba ka minti shida, amma casa'in ta kwanon rufi ce da kujerar shan iska. Bututun nan tsinke lamba goma yake so, da wuta ɗari da arba'in. Ka tafi sayen jaki, ka tambayi ƙarfin kukansa, ba ka tambayi nisan da zai yi da kaya ba."

"Baban Rukhsana, ka adana numfashin nan mana," in ji Masi.

"In adana wa wa?"

"Akwai wayar da ke kashe shi in ya ɗau zafi," Fayyaz ya ce, yana kallon ƙasa. "In na cire ta..."

"Ka cire ta, minti biyar ya zama gawayi, mu yi jana'iza biyu a lungun nan. Je ka kasuwa wurin Ustad Niyaz ka ce ni na aiko ka, ya ara maka babban inji."

Fayyaz ya ce to. Amma bai je ba. Ya je ya ce me? Ya tsaya gaban masu walda ashirin ya faɗa da bakinsa cewa ɗan Maskat ya sayi fenti? In ya yi haka, kafin la'asar labarin ya zaga kasuwa, har jikokinsa sai an tsokana da shi.

Ran Alhamis sai ya yi dabara. Ya murɗa wutar ƙasa zuwa casa'in, ya kafa wa injin fanka, ya bi hannuwan nan huɗu a hankali. Jar fitila ba ta kama ba sai jefi-jefi, taga ma ta yi shiru. Kafin azahar ya gama, ya kira Billa mahauci, ƙaton nan mai shago a bakin lungu, suka kinkimi makarar zuwa gindin taga. Fayyaz har da ɗan murmushinsa.

Ustad ya leƙo da ƙyar. Ya daɗe yana kallo. Guduma ta fi ƙarfinsa yanzu, sai ya ce Masi ta fita ta buga. Tsohuwa ta gyara mayafi, ta ɗaga, ta sauke. Bugun farko haɗin ya tsage. Na biyu hannun ya faɗi ƙasa, ƙwal, ya gangara cikin kwata.

"Miyau ka tofa a kai," in ji Ustad. "Tun safe na ji ƙarar, kamar ana soya ƙwai a wutar da ta mutu, na ce bari in gani. Wuta ba ta shiga ƙarfen ba, a sama ta zauna. Ni ba ta kaina nake ba, yanzu kaza ta fi ni nauyi. Amma Billa fa? Ran da aka ɗora Billa a kan wannan, a ƙofar gida za a zubar da shi."

"Ustad-ji, me na yi kuma?" in ji Billa.

Ran Fayyaz ya ɓaci har idonsa ya rufe. "To in haka ne ka taso ka yi da kanka mana!"

Maganar tana fita ya so ya kamo ta. Masi ta sunkuyar da kai. Tsohon kuwa dariya ta kama shi, ta juye ta zama tari, sai da aka mayar masa da robar iska a hanci.

"Da zan iya," ya ce da ya samu kansa, "kai zan kira? Je ka goge duka, ka sake. Ka kuma yi sauri, ba ni da minti takwas-takwas ɗin da zan riƙa ba ku kai da injinka."

Ya goge duka da injin gurza, ya gyara bakin bututun. Yana shirin kunna walda aka ɗauke wuta, ba a dawo da ita ba sai bayan magariba, lokacin idonsa ya ƙi gani. Ya ce gobe da sassafe zai je wurin Ustad Niyaz, a yi dariyar a gama. Shaf ya manta goben Juma'a ce, kasuwa a rufe take.

Rana ba ta gama fitowa ba lasifikar masallaci ta yi kaki, aka karanto sunan. Ustad Karam Din ya rasu, za a yi masa salla bayan Juma'a. Fayyaz yana riƙe da kofin shayi, ya ajiye shi a kan murhu bai kurɓa ba. Ustad bai ga makararsa ba ke nan. Abu ɗaya tsohon ya roƙa, kuma girman kan Fayyaz ya hana shi.

Wuta ba ta zo ba sai sha biyu da rabi. Ya murɗa zuwa ɗari da arba'in, ya ɗauki lamba goma. Minti biyu aiki, takwas zama. Ya gama hannu biyu aka kira salla, ya je ya dawo a guje, ya gama na uku. Yana tsakiyar na huɗu jama'ar masallaci suka cika lungun cikin fararen kayan Juma'a, daidai nan jar fitilar ta kama.

"Fayyaz," in ji liman, yana goge gumi, "rana tana dukan mutane, gawa kuma ba ta jira a zafin nan. A ɗauke shi a gadon igiya kamar yadda kakanninmu suka yi."

"Ya ce makararsa," muryar Masi ta fito daga bayan labule. "Shekara arba'in da shida ban taɓa cin gardama da shi ba, Maulwi sahib, ba yau zan fara ba."

"Cire wayar nan kawai, ɗan'uwa," Billa ya raɗa masa. "Saura ɗan yatsa ɗaya fa."

Fayyaz ya ɗauki filaya. Ya san inda wayar take, sukurori huɗu ne tsakaninsu. Mutum ɗari biyu suna kallonsa, wani yana cewa ɗari huɗu fa aka rubuta a jiki, me yake jira? Ya juya filayar a hannu, sannan ya jefa ta cikin akwati, ya zauna a kan gwangwanin fenti.

"Minti takwas," ya ce. "Wanda ke sauri ya yi gaba, za mu same shi a maƙabarta."

Tsawon mintocin nan bai taɓa jin irinsa ba. Babu abin da zai yi da hannunsa. Fanka tana juyawa, wani jariri yana kuka a wani gida, tagar tana buɗe an janye gadon daga jikinta. Kwana huɗu yana addu'ar a yi masa shiru, ga shi an yi, shi kuwa da zai ba da shagon da abin da ke ciki a sake zaginsa sau ɗaya. Ya sauke gilashin walda a fuskarsa tun fitilar ba ta mutu ba, don kada a ga idonsa.

Da ta mutu ya kammala haɗin, ya kankare ƙurar, ya buga guduma sau uku da iya ƙarfinsa. Ƙarfen ya amsa, bai motsa ba. Babu lokacin fenti, ko na gogewa. Aka watsa ruwa a haɗin ya yi cuu, aka shimfiɗa tabarma, aka fito da Ustad.

Fayyaz ne ya kama hannun ƙarshen. Har suka fita babban titi ɗumin waldar yana ratsa rigarsa. Mutane suna karɓa suna saki, kowa ya sa kafaɗa taku goma ya ba na bayansa, har maƙabarta.

Da la'asar sakaliya aka dawo, aka zauna a kan shimfiɗu a lungun, ana miƙa shayi. Tun daga liman har Billa, kowace farar riga da baƙin layin maiƙo da tsatsa a kafaɗa, wasu a dama, wasu a hagu.