Kukan Tsohuwar Reza

Shekara huɗu ke nan da ciwon ido ya cinye ganin Malam Bappa, amma bai taɓa yarda wani ya yi masa gyaran fuska ba. Abinci sai an ajiye masa a gabansa, masallaci sai an riƙe masa sanda, rigar da zai sa ma 'yarsa Naila ce ke zaɓa. Askin nan kaɗai ya rage a hannunsa.

Duk bayan kwana biyu, da hantsi, zai zauna a kan turmi a tsakar gidansu da ke Samaru. Naila ta kawo ruwan ɗumi da sabulu. Ya tada kumfa, ya shafa a kumatu da wuya, ya bar ɗan gemunsa, sannan ya ɗauko tsohon gidan rezarsa na tagulla. Tun yana saurayi, sabon direba a jami'a, ya saye shi. Bakinsa da haƙora kamar mataji, mariƙinsa kuma rami ne a ciki, ba nauyi. In ya ja shi a kan gashi sai ya yi wani kuka, ƙarr, ƙarr. Da wannan kukan Malam yake aski. Inda ya ji ƙara, da sauran gashi. Inda ya ji shiru, wuri ya fita. Idan ya gama sai a shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, yana shafa kumatu yana tsokanar masu wucewa.

"Ku masu ido, wa ya kai ni iya aski?"

Naila ba ta san da zancen kukan ba. Abin da take gani kawai shi ne kore-koren da ya fito a tsakanin haƙoran rezar, da ɗan jinin da takan gani jefi-jefi a tawul. Ran nan ta shiga kasuwar Sabon Gari sayen zare, sai ta tsaya a shagon wani Nelson mai kayan aski. Ya fito mata da sabon gidan reza na silba, yana ƙyalli kamar cokalin amarya.

"Wannan ba ya tsatsa har abada," in ji shi. "Ji nauyi. Ba sai Baba ya danna ba, shi zai ja kansa. Bakinsa a rufe yake, ba ya yanka mutum. Waccan tsohuwar kuwa ki jefar, kar ta sa masa ciwo."

Ta dawo da murnarta. Don kada Malam ya koma wa tsohuwar, ta haɗa ta da fasassun tukwane ta miƙa wa 'yan gwangwan da suka zo wucewa.

Washegari Malam ya karɓi sabuwar, ya juya ta a tafin hannu.

"Ina tawa?"

"Ta lalace, Baba. Wannan ta fi ta."

Ya shafa kumfa. Ya ja ta a kumatu sau ɗaya, ya tsaya, ya karkata kai kamar mai sauraron sallama daga nesa. Ya sake ja. Rezar na tafiya sumul, ba ta ce uffan. Da bai ji komai ba sai ya danna, ya maimaita wuri ɗaya har sau huɗu, ga nauyin da hannunsa bai saba da shi ba. Kafin ya gama ya yanke a wuri uku, gashi kuma ya rage tsibi-tsibi a wuyansa.

"Wannan bebiya ce," ya ce a hankali. "Ni makaho, ita bebiya. Yaya za mu yi da juna? Ɗauko min tawa, ko a lalacen ce."

Nan ta faɗa masa gaskiya. Da ma ya yi faɗa, da ta ji sauƙi. Sai kawai ya wanke fuska, ya lalubi bango ya shige ɗaki.

Ya ƙara gwadawa sau biyu, duk da jini aka tashi. Daga nan ya daina. Ƙasumba ta rufe masa fuska, fara fat. Naila ta ce a kira wanzami, ya ce bai mutu ba tukuna. Tabarmar ƙofar gida ta yi sati uku a naɗe. Masallacin ma sai da asuba yake zuwa, lokacin da ba mai kallon fuskar wani.

Ran Alhamis ta hau mota zuwa Chikaji, inda aka ce 'yan gwangwan na juye kaya. Ita da ko a layi ba ta iya ɗaga ido ta kalli namiji, sai ga ta a tsakiyar tulin ƙarafa tana kwatance da yatsu.

"'Yar ƙarama ce, kamar haka, mai haƙora."

Mai wurin ya yi dariya, amma da ya ga idonta sai ya bari.

"Ƙanwata, kayan sati uku? Tagulla ba ta kwana a nan. Tuni an narkar."

Ta fito ba ta san inda za ta nufa ba, sai ta tuna da Baba Ayodele mai gyaran agogo, abokin mahaifinta tun suna samari. A Sabon Gari aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar ruwa. Ta same shi a rumfarsa, ta durƙusa ta gaishe shi.

"A'a, 'yar Bappa! Ina wancan tsohon direban da bai san birki ba? Ya daina aiko min da zagi."

Ta buɗe baki za ta amsa, kuka ya riga ta. Ya bar ta ta yi mai isarta, sannan ya saurari labarin.

"Rana ɗaya muka saye su," ya ce. "Shago ɗaya. Shi ya zaɓa, na kwaikwaye shi."

Ya jawo aljihun tebur, ya tona ƙarƙashin sukurori, ya fito da wani abu a naɗe cikin tsumma. Irinta ce sak, har haƙoran.

"Ni hannu ya fara rawa, wurin mai aski nake zuwa yanzu. Kai masa. Sabuwar nan ba ta da laifi, 'yata, ta ma fi tamu ƙarko. Don mai madubi aka yi ta."

Da hantsin Juma'a ta rage wa Malam ƙasumbar da almakashi, wannan kam ya yarda. Ta kawo ruwan ɗumi, ta sa sabuwar reza a gidan da Baba Ayodele ya bayar, ta ɗora masa a hannu. Ya shafa mariƙin, ya kai hanci.

"Man agogo. Ta Ayo ce." Ya ɗan murmusa. "Har yanzu ƙazami ne."

Ya shafa kumfa, ya ja. Ƙarr. Naila ta ga yadda fuskarsa ta buɗe. Ya sake ja, kukan na fita. Amma da ya zo kwanar muƙamuƙi, inda ta silbar nan ta yanke shi har sau uku, hannun ya tsaya. Ya sauke, ya yi bisimilla, ya sake ɗagawa. Jini ya tsattsafo cikin farin kumfa.

Ya daɗe zaune da rezar a kan gwiwa. Kumfar ta fara bushewa.

"Naila."

"Na'am, Baba."

"Zo ki yi min."

"Baba, ka ƙara gwadawa. Hannun ne bai..."

"Zo, uwata. Kumfa na bushewa."

Ta durƙusa a gabansa ta karɓa. Ba ta taɓa riƙe fuskar mahaifinta ba sai yau. Ta ja a tsorace.

"Kwantar da ita kaɗan. Yawwa. Kin ji? Nan da saura. Sauka ƙasa. To, nan ya fita, bar shi."

Haka suka yi, ita da hannu, shi da kunne, har fuskar ta fito fes. Hawayenta na ɗiga a gwiwarsa, bai nuna ya ji ba.

Da suka gama ya ce a fitar da tabarma. Ta shimfiɗa masa, ta koma bayan ƙofa ta tsaya. Ba a jima ba mai shayin layinsu ya hango shi.

"Malam, kwana biyu! Kai, ka ga fuska kamar ango. Ashe har yanzu hannun na nan!"

Naila ta kasa kunne tana jiran tsokanar da ya saba. Malam Bappa ya shafa kumatunsa, ya ce, "Alhamdu lillahi," ya tambayi mai shayi ya kasuwa.