Mazubin Malam Abbas

Kwana ashirin da rasuwar Malam Abbas, Alhaji Yahaya, shugaban ƙungiyarmu, ya kira ni ofishinsa ya ce kwamitin amintattu na son suna. Bayani kam sun sha shi har ya ginshe su. Suna ɗaya suke so a kan takarda, na wanda ya taɓa manhajarmu ta kwamfuta har saƙonni suka daina fita, kuma ranar Alhamis za su zauna.

Ƙungiyarmu ƙarama ce, ɗaki uku a bayan wani kantin magani a Ƙofar Ƙaura. Aikinmu tuna wa iyayen yara masu ciwon sikila ranar ganin likita da ranar karɓar magani, ta saƙon waya. Mu uku ne a kan manhajar: Malam Abbas babbanmu, ni Ramla, sai Mudassir, wanda ya fi mu saurin hannu, ya kuma fi mu saurin baki. Ƙa'idar Malam ɗaya ce, babu gyaran da zai shiga sai ta hannunsa. Ka rubuta, ka aika masa, ya ɗora tabarau a kan hanci ya bi shi layi-layi, sannan ya shigar da kansa. Shekara shida muna haka, muna gunaguni a bayan idonsa, shi kuwa ko a jikinsa.

Gyaran da ya jawo abin nawa ne. Na ga lambobin wayar mutane a hargitse, wasu da sifiri a gaba, wasu babu, na ce bari in kintsa su. Na kintsa su kuwa, har na zubar da duk lambar da ma'aikatanmu na ƙauyukan Batagarawa suka rubuta da tazara a tsakiya. Gida ɗari uku da goma sha biyu. Kwana goma sha tara babu saƙon da ya isa gare su, kuma a cikin kwanakin nan ne aka mayar da ranar likita daga Talata zuwa Litinin.

Ba ma mu muka gano ba. Wani bawan Allah ne mai suna Ɗanjuma ya shigo da hantsi, ya ajiye 'yar ƙaramar wayarsa a kan teburina, ya roƙa a duba masa ko ita ce ta lalace. 'Yarsa Tani, mai shekara tara, maganinta ya ƙare, suka je asibiti ranar Talata aka ce ai jiya likita ya zauna. Ciwon ya taso mata a hanyar komawa. Kwana takwas ta yi a kwance, sai da aka ƙara mata jini. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Wayarsa kawai yake zargi, yana juya ta a hannu yana cewa ta tsufa.

Wanda bai san aikinmu ba, ga yadda abin yake. Duk gyaran da aka yi wa manhaja, akwai wata na'urar ajiya da ake kira Git da ke riƙe da tarihinsa: wa ya yi, yaushe, me ya ce ya yi. Ba ta mantuwa. Sai dai idan ka ce ta nuna maka tarihin haka nan, za ta kwararo maka shi ne tuli guda, da lambobi da haruffan da babu ɗan kwamitin da zai karanta layi biyu bai nemi ruwan sha ba. Don haka akan rubuta mata ɗan layi guda a ce: fara da kwanan wata, bi da suna, rufe da taken gyaran, sauran ki riƙe abinki. Mu tamfilet muke ce wa layin nan. Malam kuwa mazubi yake ce masa, irin na masu buga bulo, wai ƙasar ɗaya ce, abin da ka zuba ta a ciki shi ke ba ta siffa.

Wani abu kuma, suna biyu take ajiyewa ga kowane gyara. Akwai na wanda ya rubuta, akwai na wanda ya shigar. Idan ka sa %an a mazubinka, na farkon zai fito. Idan ka sa %cn, na biyun. A wurare da yawa mutum ɗaya ne, babu wanda ke kula. A wurinmu, saboda ƙa'idar Malam, sunansa ne na biyu a kan komai.

Mudassir ne ya fara faɗa da baki, amma ba zan ɗora masa ba, domin kafin ya buɗe baki zuciyata ta riga shi zuwa wurin. Ya jawo kujera kusa da ni ya rage murya.

"Ramla, ba ƙarya a ciki. Shi ya shigar, ko ba shi ba? Wa zai tuhumi mutumin da ke kwance a maƙabartar Ɗan Takum? Za su ce Allah ya jiƙan shi, su shafa, a rufe fayil. Ke kuwa in suka ga sunanki, sai sun raba ki da aikin nan."

Gaskiya ya faɗa, na san mutanenmu. Ba a tona mamaci. Da sunan Malam ya bayyana, likita mai ritaya da ke shugabantar kwamitin zai cire tabarau, liman zai ja addu'a, kowa ya yafe da zuciya ɗaya, har su ji daɗin yafewar. Alhaji Yahaya ma, da zan fita daga ofishinsa, sai da ya ce da ni a hankali, ba tare da ya dube ni ba, ai Abbas ne ke shigar da komi, ko ba haka ba. Ba mugunta ba ce. Ya rasa ɗaya, ba ya son ya rasa biyu. Kowa ya ɗauki abin a matsayin rufin asiri, kuma babu wanda ya ga wanda za a cuta.

Na rubuta mazubin da %cn, na buga takardar. Ta fito tsaf, shafi guda, Abbas Yusuf daga sama har ƙasa. Na linke ta na sa a jaka. Ina son aikin nan, ban ɓoye ba. Ni na fi kowa sanin lungunansa bayan Malam, kuma tsoron a raba ni da shi ya fi ƙarfin kunyata a ranar.

Ranar Talata bayan la'asar na biya gidansa, don tun sadakar bakwai ban koma ba. Matarsa, Anti Saudatu, tana zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta cikin takaba, carbi a hannu. Muka gaisa, muka sake gaisawa, ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, ya mutanen gida, ya wajen su Hajiya. Ta sa aka kawo mini kunun aya. Jakata tana kan cinyata, na riƙe ta da hannu biyu.

Can ta ce akwai abin da take so ta roƙe ni. Shekara shida tana ganin bayansa yana fuskantar kwamfuta, ta kai abinci ya huce, ta ɗauke, ta ɗumama. Idan ta tambaye shi sai ya ce aiki ne, ya yi dariya.

"Ban san mi yake yi ba, ƙanwata. An ce mani komi shina nan a rubuce. Ki buga mani shi yadda zan iya karantawa. Yaran nan za su girma su tambaye ni."

Na ce in sha Allahu. Na sha kunun da ƙyar.

Da safiyar Laraba na zauna yi mata nata mazubin. Wannan ba na kwamiti ba ne, ba a gaggawa. Na sa kwanan wata ya fito rana, wata, shekara, yadda muke rubutawa. Na sa kalmomin Hausa a tsakani, "Ranar kaza, ya karɓi aikin wane." Da yake Malam da Hausa yake rubuta bayanansa, na ce bari in ƙara %b, wato cikakken bayanin da ke ƙarƙashin take. Rabona da ganin wannan sashe har na manta. Shekara huɗu da suka wuce na ƙera mana wani mazubi mai layi ɗaya, gajere, mai launi, ina ta alfahari da shi, Mudassir ya kwafa, muka daina ganin komai sai take. Malam bai ce mana komai ba.

Ashe bai taɓa daina rubuta bayanin ba. A ƙarƙashin kowane gyara da ya karɓa akwai layinsa. "Na duba, na gwada da lamba ashirin." "Na duba, na mayar wa Mudassir sau biyu, yanzu ya yi." A wani wuri, "Kuskuren jiya nawa ne, na gyara." Na yi ta gangarawa ina jin muryarsa. Wani wurin har na yi dariya, inda ya rubuta cewa Ramla ta yi sauri kamar ana korar ta amma aikin ya yi kyau.

Na ƙarshe shi ne nawa na lambobin waya. Ranar Alhamis, ƙarfe goma sha ɗaya da minti arba'in na safe, kwana huɗu kafin rasuwarsa. Ga abin da ya rubuta:

"Ban samu dubawa ba, jiki ba daɗi, ina layin asibiti. Na amince da aikin Ramla."

Sai ranar ta dawo mini gaba ɗaya. Sau uku na kira shi. Na biyun ya ce in bari sai Litinin. Na ukun na ce Malam ɗan ƙaramin abu ne, shara ce kawai, kana riƙe mini aiki. Ina jin hayaniyar mutane a bayansa, ya ce to. Ban tambaye shi inda yake ba. Sau ɗaya a shekara shida ya karya ƙa'idarsa, ni na sa shi, kuma bai bar abin a ɓoye ba, ya rubuta shi inda duk mai so zai gani. Na kifa kai a kan tebur na yi kuka sosai. Mudassir ya tashi ya fita ya ja ƙofa.

Da na natsu sai na ga layin nan ma makami ne. Idan na kai shi gaban kwamiti, na tsira ba tare da na canja ko harafi ba, tunda ga babba da bakinsa ya ce bai duba ba. Wannan ya fi dabarar Mudassir tsabta, ya kuma fi ta muni. Na ciro takardar da ke jakata na yayyaga. Na sake rubuta mazubin kwamiti da abu uku, kwanan wata, wanda ya rubuta, da take. Abin da suka tambaya ke nan, wa ya taɓa manhajar.

Ranar Alhamis suka zauna su biyar, ni ina tsaye. Alhaji Yahaya ya karɓi takardar, ya gangara da yatsa zuwa layin ƙarshe, ya ɗago ya dube ni, ya miƙa wa likita. Na ba su labarin lambobin, da kiran waya ukun, da abin da na ce a na ukun. Likita ya saurara har na gama, sannan ya tambaya.

"To, shi marigayi bai duba ba kafin ya shigar?"

"Ranka ya daɗe, yana asibiti na matsa mashi. Ya amince da ni."

Babu wanda ya ƙara tambaya. Suka yi shawara na ɗan lokaci, suka ce in sauka daga kan manhajar, Mudassir ya riƙe, ni in koma bin ƙauyuka ina tattara lambobin nan ɗari uku da goma sha biyu da hannu, gida-gida, bayan haka a ga abin da hali zai yi. Na ce na ji. Na roƙa a bar ni in fara da gidan Ɗanjuma, don har yanzu yana ganin laifin wayarsa.

Takardar Anti Saudatu kuwa shafi casa'in da huɗu ta kama. Na kai aka ɗinke mata ita da bango kore. Ban cire komai ba. Na daɗe ina tunanin layin ƙarshen, amma ita ba kwamiti ba ce, mijinta ta tambaya.

Ta karɓa da hannu biyu, ta buɗe farko, ta karanta kaɗan tana motsa baki, sannan ta juya can ƙarshe kamar yadda na san za ta yi. Ta daɗe a kan shafin. Na gyara zama na fara gaya mata cewa ni ce na kira shi.

"Na sani," in ji ta. "Ina kusa da shi a kan bencin. Ni na riƙe mashi kwamfutar, hannunshi na rawa. Na ce ya bari, ya ce a'a, Ramla ce."

Ta rufe littafin ta ɗora carbinta a kai, ta tambaye ni ko na ci abinci.