Funfunar da Tunkiyar Lubabatu ta Ci

Bazarar bana ba ta bar wa dabbobin Dakusa komai ba, har leda suke taunawa. Lubabatu, tsohuwar da mijinta ya rasu bara, tunkiya ɗaya ta rage mata, ga ta da tsohon ciki. Abinci kuwa sai busasshen karan hatsi, wanda tunkiyar kan shinshina ta kau da kai.

Ana cikin haka mutanen wani furoje, wato shirin taimakon makiyaya, suka zo daga Zinder da dabara. A sassara kara, a jiƙa, a barbaɗa masa wani farin iri da suka kawo, a ɗaure cikin leda a ajiye a inuwa. Irin zai ci taurin karan ya mai da shi abincin tumaki. Da Faransanci malamin ya yi bayani, Nomau ɗan ƙanen mijinta yana fassarawa. Nomau ya taɓa lakwal, wato makarantar boko, kuma ba ya bari a manta da haka. Malamin ya yi ta magana da kalmomi biyu, ɗaya ta abin da ake so, ɗaya ta abin da ake gudu. Nomau ya dunƙule su wuri guda don sauri, ya ce da zarar kara ya yi funfuna, to ya nuna.

Lubabatu ta yi duk yadda aka ce. Sai dai ɓera ya huda ledarta ta ƙasa, ba ta gani ba. Ran da ta kwance, karan ya yi baƙi-baƙi da kore, yana warin tsohon tuwo. Zuciyarta ta ƙi abin. Wadda ta tsufa tana zubar da abincin da ya yi funfuna, yau ita ce za ta ba dabba? Amma masu ilimi sun faɗa, tunkiya kuma haƙarƙarinta a waje. Ta yayyafa gishiri da 'yar dusa don ta ci, ta kuwa ci.

Ba a jima ba tunkiyar ta yi ɓari, 'ya'ya biyu. Washegari da hantsi ta kwanta, wuya a miƙe, numfashi sama-sama. Lubabatu ta san abin da ya rage: a yanka kafin ta zama mushe, ko nama a samu. Mace ba ta yanka, don haka ta fita da sassarfa ta kira Nomau.

Ya shigo da wuƙa a hannu, sai idonsa ya faɗa kan ledar. Ya tsaya.

"Inna, wannan kika ba ta? Ai farar funfuna ake nufi, mai kamar auduga. Baƙar kuwa guba ce."

"Ran nan ka ce fara?" in ji Lubabatu.

Maimakon ya wuce turke, sai ya shiga kare kansa, wai Hausa ce ba ta da kalmar, wai na Bintu maƙwabciya ai ya yi fari tas, tumakinta har sun murmure. Lubabatu tana nuna masa turke, yana ta bayani.

Da ya durƙusa ya kama wuyan tunkiyar, sai ya sake shi a hankali, ta riga ta mutu. Ya mai da wuƙar cikin kube, ya tambayi Lubabatu inda igiya take, a ja ta bayan gari.