Ɗanyen Ɗinki a Gidan Makoki

A unguwar Ruwais da ke Jidda, in an yi rasuwa, ba a yi wa mace ta'aziyya daga nesa. Maza suna can waje kan kujerun da aka jera a titi, su dafa kafaɗar juna su wuce abinsu. Mata kuwa sai sun kama ki, sun manna ki a ƙirji, sun matse ki har ki ji haƙarƙarinki na ƙara. Wadda ta fi matsewa ita ce wai ta fi jin mutuwar, ko da kuwa rabonta da leƙo mamaciyar tun azumin bara. Ruba ta san wannan sarai, a cikinsa ta girma. Shi ya sa da mota ta ajiye ta a bakin layinsu, ta hango takalman mata jibge a ƙofar gida, sai da ta dafa bango.

Jiya-jiya aka yi mata tiyatar ƙara girman nono. Kuma jiyan nan, tana kwance a ɗakin tiyata, mahaifiyarta ta rasu.

Ba wanda ya sa ta yin aikin. Ba miji, ba saurayi. Ita ce dai ta gaji. Tun tana budurwa duk bikin da za a yi sai tela ta cusa mata soso a gaban riga, tana yi tana dariya da allura a baki, matan ɗakin suna taya ta. Ruba ta girma, ta samu aiki a ofishin wani kamfanin fiton kaya kusa da tashar jiragen ruwa, ta doshi shekara talatin, dariyar ba ta bar kunnenta ba. Sai ta ce wa mutanen gida kamfani ya tura ta kwas birnin Dammam. Dammam ɗin kuwa bai wuce wani asibiti a arewacin Jidda ba, da ɗakin ƙawarta Lujain inda ta shirya yin jinya a ɓoye.

Likitan bai ɓoye mata komai ba. Ya ce abin da za a saka mata a nonon ba na har abada ba ne, wata rana yana iya buƙatar a sake buɗewa. Ya ce ɗinkin yana ƙarƙashin nono, kuma makonnin farko su ne komai: ba ɗaukar nauyi, ba ɗaga hannu sama da kafaɗa, ba kwanciya sai rigingine, kada wani abu ya danne ƙirjin, kada ta cire rigar nonon da za su ɗaure ta da ita. Ya ce in gefe ɗaya ya kumbura ya yi tauri, ko jini ya fito, ta zo nan take, ba sai gobe ba. Ruba ta yi ta gyaɗa kai. Tambaya ɗaya ce ba ta zo wa kowa ba a ɗakin, wato me za a yi in wani ya mutu.

Da allurar barci ta sake ta, ta kunna waya, saƙonni suka yi ta zubowa. Kafin ta iya zama da kanta an riga an sallaci tsohuwar an kai ta. Ta yi kuka a hankali, don kuka mai ƙarfi yana ja mata ɗinki. Lujain ta roƙe ta ta faɗi gaskiya ta kwanta. Ruba ta ce wace gaskiyar? Ta tsaya gaban matan Ruwais ta ce Ummi na cikawa ina can ana ƙara mini nono? Gari na wayewa ta sa abaya mai faɗi, ta haɗiyi maganin ciwo, ta ja ƙaramar jaka kamar wadda ta sauko daga jirgi.

Yayarta Zubaidatu ce ta tare ta a bakin falo. Zubaidatu ita ta bar aikinta na girki a makaranta ta zauna da tsohuwar tun da ɓarin jikinta ya shanye. Ita ke ɗaga ta, ita ke juya ta, ita ke wanke ta, shekara da shekaru, har bayanta ya lalace ba wanda ya taɓa ce mata sannu da gaske. Wanda ya yi jinya irin wannan, idonsa ba ya kuskuren jikin da aka taɓa. Ta ga yadda Ruba ta manne gwiwar hannu a haƙarƙari. Ta rungume ta, ta ji wani ɗan nishi da ba na kuka ba. Ta ji warin asibiti a ƙarƙashin turare, ta ga tabon filasta a bayan hannu. Ta ja ta ɗakin mahaifiyarsu ta rufe ƙofa.

Gadon na nan da zanensa, kwalaben magani na kan tebur. Zubaidatu ta sa hannu biyu ta buɗe gaban abayar. Ta daɗe tana kallo.

"Dammam," in ji ta. "Ma sha Allah. Kwas ya yi kyau."

"Abla," Ruba ta ce, don haka take kiran yayarta tun tana ƙarama, "Allah yikhalliki, don Allah kar ki faɗa ma kowa. Wallahi ban sani ba. Na bar ta lafiya, ke ma kin gani."

"Lafiya? To. Ta kira sunanki, kin sani? Bakin da ba ya fita sosai, sunanki ya fita. Ina riƙe da kanta da hannu ɗaya, ina buga miki waya da ɗaya, mughlag, mughlag, a kashe. Na ce mata kina hanya, kin kusa. Ƙaryar ƙarshe da Ummi ta ji a duniya daga bakina ta fito, saboda ke."

Ruba ta so ta durƙusa, ƙirjin ya hana ta.

Zubaidatu ta mayar mata da maɓallan abayar ɗaya bayan ɗaya, a nitse. "Ba zan faɗa wa kowa ba, ki kwantar da hankalinki. Amma ke 'yar gida ce. Inda 'yar gida ke tsayawa, nan za ki tsaya." Ta ɗauki jakar, da maganin ciwon a ciki, ta jefa a kabad ta kulle, ta ce kada baƙi su yi tuntuɓe da ita. "Yalla, mu je, mutane na jira."

Ta tsayar da ita a bakin ƙofar falo, ita ce ta farko da duk mai shigowa za ta tarar. Kuma duk wadda ta shigo, Zubaidatu sai ta sassauta murya ta ce, "Ga autar nan, baiwar Allah, tana tafiya aka yi. Ko gawar ba ta samu gani ba. Ku rarrashe ta." Matan kirki kuwa suka rarrashe ta da iya ƙarfinsu. Khala Mastura, maƙwabciyarsu mutuniyar Sudan mai sayar da turaren wuta, mace ce da in ta zauna sai kujerar ta yi kuka. Ta kamo Ruba ta haɗa ta da ƙirjinta, tana jijjiga ta hagu da dama, tana bubbuga mata baya. "Azzamallahu ajraki, ya binti, Allah ya ƙara miki lada, 'yata. Yi kukanki, yi kukanki, uwa ba wasa ba." Ruba ta yi kukan. Ya fito mata tun daga ƙasan ciki, har matan da ke zaune suka ce yarinyar nan ta fi kowa jin mutuwar.

In layin ya lafa, sai Zubaidatu ta miƙo mata butar gahawa, babbar, ta bi mata tana tsiyayawa. Ƙananan kofuna suna can saman kanta a kicin, Ruba ce doguwa, ita za ta sauko da su. Tiren shinkafa da waken hummus da ake ci a makokin Jidda, wanda sai mutum biyu ke iya ɗauka, Ruba da wata yarinya za su kama, kuma ko yaushe gefen Ruba ne ke rinjaya. Ba tsawa, ba harara. Komai da "habibti", wato masoyiyata, Zubaidatu ke faɗinsa.

Ni dai ban ce Zubaidatu ba ta da abin jin haushi ba. Tana da shi, har ya yi mata yawa. Amma abin da ta yi mugunta ce tsagwaronta, irin wadda sai ɗan'uwa ke iya yi, don shi ya san daidai inda zai danna. Abin takaicin kuma, Ruba tana taya ta. Duk matsar da aka yi mata, wani gefe na zuciyarta cewa yake ƙara, na cancanta.

Washegari Lujain ta zo ta'aziyya. Kallo ɗaya ta yi wa fuskar Ruba, ta ga leɓen ya yi fari, gumi na bin wuyanta a cikin sanyin na'ura. Ta matsa kusa da Zubaidatu ta ce a hankali, "Abla, Ruba ta'bana, ba ta da lafiya. A bar ta ta ɗan kwanta."

Zubaidatu ta ɗaga murya daidai yadda rabin falon zai ji. "Ba ta da lafiya? Subhanallah. Me ke damunta? Ke ce ƙawarta, faɗa mana, ga iyayenmu nan sun san magani."

Kawuna suka juyo. Wata ta ce hulba za a dafa mata, wata ta ce a shafa mata man zaitun a ƙirji, baƙin ciki nan yake taruwa, har ta fara naɗe hannun riga. Lujain ta kalli Ruba, Ruba ta girgiza mata kai kaɗan. Lujain ta ce gajiyar hanya ce kawai, ta zauna ta sha gahawarta kamar tana shan maɗaci.

Ranar ƙarshe ta zaman makokin, bayan la'asar, Ruba ta shiga banɗaki ta kulle, ta ɗaga rigar. Nonon dama yana nan yadda likita ya bar shi. Na hagu ya haye shi nesa, ya yi tauri, fatar ta yi sheƙi, ta yi duhu har zuwa hammata. Zafi yake kamar an ɗora mata dutsen guga. Ta kira likitan tana raɗa. Bai bar ta ta gama ba. Ya ce jini ne ke taruwa a ciki, ta taho yanzu, in ta yi jinkiri ba ya ba ta tabbacin zai iya barin abin a jikinta, kuma abin da ya fi damunsa ma ba shi ba ne, ita ce.

Ta samu Zubaidatu a kicin tana jera dabino a faranti.

"Abla, lazim, dole in tafi asibiti. Dahhin, yanzu. Ya kumbura, doktor ya ce jini ne."

Zubaidatu ba ta ɗago ba. "Ƙofa a buɗe take. Wa ya riƙe ki?"

"Zan ce kaina ke ciwo. Ki ce musu haka, min fadlik, ki taimaka."

"Ki ce abin da kika ga dama. Amma 'yar mamaciya ba ta fita ana tsakar karɓar gaisuwa ba a tambaya ba. Za su tambaye ni, kin san su. Ni kuma na gama yin ƙarya saboda ke, halas, shi ke nan. Duk wadda ta ce ina Ruba, zan gaya mata inda kika je, da inda kike ranar da Ummi ke kiranki."

"Abla, ina iya mutuwa."

Nan ne ta ɗago. Idonta a bushe, ba ko ɗigo. "Ana mutuwa," ta ce. "Na gani da idona."

Sai hayaniya ta tashi a ƙofar gida. Dangin mahaifinsu ne daga unguwar Khumra, mota guda, waɗanda ba su samu zuwa ba sai yau da mazansu suka tashi daga aikin sito. Tun daga soro suke salati. Ruba ta tsaya a tsakanin ƙofa biyu. Ta baya tana fita lungu, inda mota za ta iya ɗaukar ta ba wanda ya gani. Ta gaba tana shiga falo. Ta tuna bakin matan nan, yadda labari ke tashi daga Ruwais da la'asar ya kwana a Makka, yadda za a riƙa nuna ta da haɓa a kowane biki har ta tsufa. Ta shiga falo ta tsaya a wurinta, Zubaidatu ta zo ta tsaya a gefenta na hagu.

Ta farko gwaggonsu ce, tsohuwa mai ƙarfin hannu, wadda ta yi rayuwarta tana wankau. Ta kamo Ruba tana kiran sunan mamaciyar, ta matse. Ruba ta ji wani abu ya saki a ƙarƙashin nonon, ba da ƙara ba, sai ɗumi ya biyo haƙarƙarinta yana gangarawa zuwa ƙugu. Falon ya juya mata. Zubaidatu ta yi maza ta tallafe ta ta gefe.

Baƙar abaya ba ta nuna komai. Tafin hannun Zubaidatu ne ya nuna. Ta janye shi ta duba, ja jawur har tsakanin yatsu. Ruba ta ga ta gani. Suka kalli juna, kuma na ɗan lokaci Ruba ta yi tsammanin yayarta za ta yi ihu, ta ce a kawo mota, ta ce ƙanwata.

Zubaidatu ta goge hannun a cikin abayarta, ta gefen da ba a gani. Sannan ta kamo mayafin Ruba ta saukar mata da shi kan ƙirji, ta ninka shi biyu, ta gyara bakinsa da kyau.

"Allah sarki," in ji gwaggon tana share hawaye. "Ku dubi yadda take kula da ita. Yanzu ke ce uwarta, Zubaidatu."

"Ni ce, Gwaggo," Zubaidatu ta amsa. Ta sunkuyo kusa da kunnen Ruba. "Miƙe tsaye. Akwai saura a layi."

Ta gaba ta riga ta matso, ƙatuwa, tana kuka tun daga ƙofa. Ruba ta buɗe mata hannu.