Faifan da Zinaida Ta Juya

Fina-finai goma sha ɗaya Gleb Arkadyevich ya yi, goma daga ciki ko shi kansa ba ya son a tuna masa, balle tallar man girki da ya ƙare a kanta. Na farkon ne kaɗai ya fito daga zuciyarsa: labarin wani masunci da matarsa, ya buɗe da bikinsu, ya rufe da ƙanƙarar tafki ta haɗiye mijin. Mako guda aka nuna shi a Mosko, kujeru wayam.

Sai da ya tsufa ya ji wai wani ƙauye a arewacin ƙasarsu na kallon fim ɗin duk shekara. Ya je.

Da la'asar Zinaida Yegorovna, tsohuwa mai majigin ƙauyen, ta kunna. Fim ya buɗe da jana'iza. Gleb ya zabura.

"Zinaida Yegorovna, kin juya faifan! Wannan ai na ƙarshe ne!"

"Zauna, Gleb Arkadyevich, ƙeyarka ta tare mana. Haka gwangwanayen faifan suka zo mini tun ina budurwa."

Ya zauna yana huci. Amma da aka zo ƙarshe, ga ango ya sungumi amarya yana ƙyalƙyala dariya a kan ƙanƙarar nan, kowa a zauren kuwa ya san abin da ke jiransa a ƙarƙashinta. Tsofaffi na share hawaye da bakin ɗankwali.

"To, in gyara?" in ji Zinaida.

"Kul!" in ji Gleb. "Ni ɗauka kawai na yi. Ke kika yi fim ɗin."