Hannu Sama a Memphis

Shekara talatin rabon Ozell Hairston da ya kaɗa jita a gaban jama'a, sai ga wasu ɗaliban jami'a fararen fata, gashi har kafaɗa, sun bi sawunsa har gonar auduga a Mississippi, riƙe da wani tsohon faifansa. Wai bikin bulus, tsohon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, suke shiryawa a birnin Memphis, a filin shaƙatawa, da rana tsaka. Shugabarsu, wata budurwa mai suna Lorna, ta kira shi Mista Hairston. Tun daga nan ya ƙi amsa gayyatar, don a inda ya tashi farar mace ba ta ce wa baƙar fata irinsa Mista.

Matarsa Vergie ce ta matsa masa. "Kai da ka yi kiɗa a gidajen da ake zare wuƙa a kan soyayyen kifi, yaran da ko aski ba su iya ba ne za su kaɗa ka? Tashi, tsoho."

Ranar bikin, wata Asabar, ya leƙa ta bayan dandamali, nan take ya yi da-na-sanin leƙawa. Mutane sun fi dubu uku a kan ciyawa, kusan duk farare, sun shimfiɗa barguna, ga kwandunan abinci, wasu har da jarirai. Sau ɗaya ya taɓa ganin farare masu yawa haka a fili, yana ɗan shekara tara, ranar da aka rataye kawunsa saboda an ce ya riƙe hannun wata farar mace, matar mai kanti. Ranar ma da kwandunan abinci aka zo.

Samarin da suka riga shi hawa sun cika wurin da jitar lantarki, ƙara kamar injin gurzar auduga. Da aka kira sunansa ya zauna, ya zura ɗan yatsa a wuyan kwalba yadda ya saba, ya fara jan sa a kan tsirkiya. Sai wurin ya yi tsit. Wannan shirun ya fi komai tayar masa da hankali. Shi ya saba da inda ake rawa ana jefa wa makaɗi baƙar magana, kuma a saninsa in farare suka yi shiru suna kallonka, to ka yi laifi. Waƙa huɗu ya yi idonsa na kan takalminsa.

Yana ƙarewa suka miƙe gaba ɗaya da ihu. Bai gama tantance ko ihun me ne ba sai ga Lorna ta rugo, hawaye shaɓe-shaɓe, ta rungume shi ta sumbaci kumatunsa, 'yan sanda biyu na tsaye a gefe suna kallo. Yarinyar kirki ce, Allah ya sani, amma ba ta san abin da ta ɗora masa ba.

Ozell ya saki jitar ta faɗi. Ya ɗaga hannuwansa biyu sama, tafuka a buɗe, yadda ko na can ƙarshen fili zai shaida bai taɓa ta ba.

"Mis Lorna, don Allah sake ni," ya ce. "Ki gaya musu ke kika zo."

Ba ta ji shi ba. Jama'a kuwa suka ɗauka gaisuwa ce, su ma suka ɗaga hannuwansu suna sowa.

Vergie kaɗai ta gane. Ta hau dandamalin da ƙyar, ga ciwon gwiwa, ta janye yarinyar a hankali, ta tsaya tsakaninsa da jama'a.

"Sauke hannunka, Ozell."

"Su wa suka gani?"

"Kowa ya gani. Yabonka suke yi, wawa."

Ya gyaɗa kai alamar ya ji. Amma da ta kama gwiwar hannunsa ta ja ƙasa, sai ta ji shi a sandare kamar itace, dole ta juya shi haka nan ta sauko da shi, hannuwansa na sama.