Sunan Kaz a Allon Bernadine

Dokar shagon Bernadine Okonski ɗaya ce tun zamanin mahaifiyarta: duk wanda aka sa wa sanwici sunansa, sai ya zo kowace Juma'a ya ci abinsa a gaban jama'a. Wanda ya yi wata guda bai ci ba, a goge shi daga allon jerin abincin shagon.

Kazimir Wolny bai taɓa fashi ba sai da ciwon zuciya ya kwantar da shi. Shi ya ƙirƙiro nasa tun yana tuƙa injin ɗaga kaya a tashar jiragen ruwan Duluth. Ba halin saukowa cin abinci, hannu ɗaya kuma ba ya barin inji. Sai ya sa uwar Bernadine ta haɗa masa naman sa mai gishiri da kabeji da soyayyen ƙwai, ta cusa tsakanin burodi, a ɗaura a igiya ya ja sama. Leburori suka fara cewa a ba su irin na Kaz. Da tafiya ta yi tafiya, sai aka koma cewa Kaz kawai.

Yau wa'adin wata gudan ke cika. Kaz ya shigo da sanda, 'yarsa Renata na biye da shi. Floyd Tuttle, tsohon ma'aikacin gidan waya da ya daɗe yana harin gurbin Kaz a allo, ya riga ya kame kujera.

"Ashe da sauranka," in ji Floyd. "Ni har na sa an goge mini baƙar kwat ta zuwa jana'izarka."

"Adana ta, da ita za a binne ka."

Bernadine ta dire faranti a gabansa. "Kawu Kaz, ka san doka. Ba ni na kafa ta ba."

"Baba," Renata ta ce ba tare da ta ɗaga murya ba, "likita ya ce gishirin nan zai mayar da kai gadon asibiti. In ka kai shi baki, ka nemi mai kai ka. Ni na gaji da zaman bakin ƙofar tiyata."

Kaz ya ɗauki sanwicin da hannu ɗaya, yadda ya saba. Ƙamshin naman ya daki hancinsa. Ya dubi allo, inda sunansa ke saman na kowa, sannan ya dubi 'yarsa. Mukullin mota na hannunta, kuma ya san ba ta iya barazanar banza ba.

Ya ajiye, ya tura wa Floyd farantin.

"Ci, mayunwaci."

Floyd ya rungumi abin da hannu biyu, duk da haka kabeji ya zube masa a cinya. Bernadine ta hau kujera da tsumma, ta goge Kaz, ta rubuta Floyd. Ba wanda ya tafa. Kaz ya ce a ba shi shayi, ya zauna yana kurɓa yana kallon titi.

Kafin ya shanye, wata direbar babbar mota ta turo ƙofa tana cire safar hannu.

"Kaz biyu, a naɗe mini. Sauri nake."

"Babu Kaz," in ji Bernadine. "Floyd ake ce masa yanzu."

"Wane ne kuma Floyd?"

Floyd ya ɗaga hannu, bakinsa cike. Matar ta kalle shi sama da ƙasa, ta juya ga Bernadine.

"'Yar'uwa, mai nama da kabeji da ƙwai nake nufi. Kaz."

Bernadine ta leƙa kicin ta ce, "Floyd biyu."

"Me?" mai girki ya tambaya daga ciki.

Ta ja numfashi. "Kaz biyu."

Kaz ya miƙe, ya miƙa wa Renata hannu ta kama shi. A bakin ƙofa ya waiga.

"Floyd, goge gemunka. Akwai ƙwai."